Ramin Duhan da Ƙafafun Gwaggo

Ko zan manta da komai na shekarar da na gama sakandare, ba zan manta da yammacin da na kusa nakasa Gwaggo da hannuna ba, alhali ina ganin taimakonta nake yi.

Ƙanwar babana ce, ɗakinta na kallon namu a ƙauyenmu kusa da Haj Abdalla. Mijinta ya rasu ya bar mata gonar auduga da cutar ƙanjamau. Mu 'yan gida mun sani. Tana shan maganinta kan lokaci, tana noma kamar kowa. Sai ga wani sabon abu: ƙafafunta su mutu, idon dama ya yi hazo, bayan kwanaki ya sake ta. Likitan da ke ba ta magani ya ce duk aikin tsohuwar cutar ne.

Kakarmu kuwa ta ce sanyi ne, maganin sanyi kuma duhan. Rami ne a bayan ɗaki, a zuba garwashi da itacen talha, mace ta zauna a kai a lulluɓe ta da bargo, hayaƙi ya gasa ta. Amare na yi don ƙamshi, tsofaffi don ciwon gaɓoɓi. Ni aka ba aikin, ni kuwa ba na iya jiran abu ya yi a hankali. Na ninka garwashin.

"Ke ɗiyar nan, kilishi za ki yi da ni?" in ji Gwaggo.

"Zauna dai. Ko kin fi son ki yi ta jan ƙafa?"

Da na yaye bargon, ta yunƙura ta tashi, ƙafafu suka ƙi. Ta ce ba ta ganin fuskata. Na yi ihu, na ɗauko ruwan tulu na sheƙa mata, ba don na san amfaninsa ba, ruɗewa ce kawai. Kafin kiran magariba ta miƙe da kanta.

Washegari ta kira ni. "Hura ramin."

"Gwaggo, kin haukace?"

"Bakinki! Jiya ban san mi ya kayar da ni ba, ban san mi ya tashe ni ba. Yau ina son in sani. Ajiye bokiti kusa."

Na hura. Ɗan lokaci kaɗan ta zauna, ƙafa ta mutu. Na zuba ruwa, ta dawo. Tana jiƙe sharkaf tana dariya. Ta ce yanzu ta tuna: haka take ji in tana toya kisra, gurasarmu ta dawa, haka kuma da tsakar rana a gona. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba ta gwada jikinta kamar yadda malamin kimiyya ya yi ta fama ya koya mana muna hamma.

Muka koma wurin likita. Ya fara maimaita maganarsa, ta katse shi. "Ya diktor, wannan cutar shekaru muna kwana ɗaki ɗaya, na san takunta. Wanga baƙo ne." Ba ta tashi daga kujerar ba sai da takardar zuwa wurin likitar jijiyoyi a Khartoum. Wannan kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar ne.

Likitar, da ta ji labarin duhan, ta ajiye biro ta ce a sake ba ta daga farko. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka yi gwaje-gwaje. Ta ce sunan ciwon tasallub, a takardun Turanci MS: garkuwar jiki ke cin rigar da ta rufe jijiyoyi. Duhan bai kawo shi ba, amma zafi na tayar da shi.

Gwaggo ta ce, "Ɗaya na kashe garkuwa, ɗaya garkuwar ke kashe ni. Maganin wannan ba zai yi faɗa da na wancan ba?"

Likitar ta faɗi gaskiya: masu cututtukan biyu tare ba su da yawa, binciken da aka yi a kansu kaɗan ne, sai ta tuntuɓi wasu. Ni haushi ya kama ni, har na yi tsaki. Gwaggo ta taka min ƙafa ta ce, "To ki rubuta ni. Ta bayana ta samu abin karantawa."

A gida na zama sakatariyarta. Na yi ta bincike a waya, kowane ciwo shafi fal, biyun tare kamar babu. Na samo mata wani zauren masu tasallub a waya da ake hira da Larabci, na ce kada ta ambaci ƙanjamau. Saƙon muryarta na farko da shi ta buɗe. Wasu suka fita daga zauren. Bayan kwana uku wata mata daga wajen Dinder ta kira, tana kuka, ta ce ta ɗauka ita kaɗai ce mai cututtukan biyu a duniya. Gwaggo ba ta ɓata lokaci da lallashi ba. "Kina shiga duhan? To daina."

Yau da sanda take tafiya, jiƙaƙƙen zani a wuya, kisra kuwa ta koma kaina. Ramin ta sa an cike shi ta shuka na'ana'a.

Har yanzu ba ni da haƙuri, ban yi alkawarin canzawa ba. Amma na koyi abu ɗaya: idan mara lafiya ya ce wannan ciwon ba wanda ya sani ba ne, in rufe baki in saurara kafin in ƙara garwashi.