Mai Ƙusa na Dantokpa

Duk kafintan da ya taɓa sayen ƙusa a kasuwar Dantokpa ya san Abdulƙahar, kuma ya san in yana sauri kada ya kuskura ya ambaci teku a gabansa. Sai Abdulƙahar ya ajiye ma'auni ya ɗauko labari.

Tun yana lakwal, makarantar boko, wani malami ya ba shi tsohon littafin Faransanci, ko bango babu, na Turawan farko da suka shiga tekun Fasifik da jiragen katako. Mutanen tsibiran ba su taɓa ganin ƙarfe ba. Ƙusa ɗaya sai ta sayi abinci kwando guda, har matuƙan suka riƙa zare ƙusoshin jirginsu a ɓoye. Wai wasu 'yan tsibirin ma sun shuka tasu a ƙasa, suna jira ta tsiro.

"Ka ga hajata?" haka yake ce wa masu saye. "Da can aka haife ni, da ni ne sarki."

A yi dariya a watse. Shi kuwa ba wasa yake ba, so yake ya ga tsibiran nan da idonsa kafin ya mutu. Ya koyi aikin jirgi, ya samu takardar matuƙa yana ɗan ashirin da huɗu. Abu ɗaya ya rage. A gidansu na unguwar Zongo, tun kakannin da suka zo da fatauci, ba mai ɗaura kaya sai uba ya sa masa albarka. Sau uku ana samar masa gurbi a jirgi, sau uku yana durƙusawa gaban mahaifinsa, Alhaji Idrissou. Tsohon bai taɓa cewa a'a ba, ai da an huta. Ko sunansa ba ya kira, kunyar ɗan fari.

"Kai wannan, bari dai a ga bayan salla."

Salla kuwa ba ta ƙarewa, in ƙarama ta wuce babba na tafe. Haka Abdulƙahar ya yi shekara ashirin da biyu yana auna ƙusa yana sabunta takarda, yana jin kukan jirage daga tashar ruwa, abin na cin ransa.

Bara, wurin sabuntawa, likita ya nuna masa allon gwajin ido. Layin ƙasa ya gagare shi. Aka ce masa shi da aikin jirgi sai dai kallo. Ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya dawo gida, bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa Labiba.

Da azumin bana ciwo ya kwantar da Alhaji. Wata la'asar ya sa aka kira ɗansa, ya laluba ya dafa kansa.

"Abdulƙahar."

Bai taɓa jin sunan a bakin nan ba.

"Tsoro ne ya sa na riƙe ka, ka yafe mini. Je ka ga batonka, jirgin ruwan nan, da tsibiranka. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba. Na gode."

Tsohon ya samu sauƙi, har yana fitowa ƙofar gida shan iska. Kullum da yamma in Abdulƙahar ya dawo daga kasuwa, hannunsa duk tsatsa, sai Alhaji ya tare shi da murna, irin ta wanda ya sauke nauyi.

"To, yaushe ne tafiyar?"

Abdulƙahar ya durƙusa, ya gyara masa bargo a ƙafa.

"Sai bayan salla, Baba."