Wata Mata Mai Abinci

Maame Bentsiwa ta tsufa tana sayar da dokunu da soyayyen kifi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Sekondi, a Ghana. Tana budurwa, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ma'aikatan jirgi suka shiga yajin aiki. Ita ta riƙa ciyar da su kyauta, har 'yan sanda suka kulle ta a kan haka.

Da Dokta Essel ya samu tallafin rubuta tarihin wancan zamani, bencinta ya zama gidansa, yana cin kifinta yana kwasar labari. Ranar da ya kawo littafin, ta ce ya karanta mata inda take. Sai ta ji "wata mata mai abinci".

"Wace ce kuma wata mata?"

"Ke ce, Maame. Ƙa'idar aikinmu ce, mukan sakaya suna don mu kare mutum."

"Ka kare ni daga wa? Manyan da suka cinye dokununa ka jera sunayensu reras, ni ce abin ɓoyewa?"

Ta ture littafin da bayan hannu.

"Kwashe kayanka, ɗana. Ko ɗan sandan da ya kulle ni, da cikakken sunana ya kira ni."