Zakin da Ya Iya Roƙo da Turanci

Ban yi boko ba. Turancin da na fara ji a duniya daga bakin zaki na ji shi, zakin tatsuniyar kakata.

A gindin dutsen Mpape muke zaune, lokacin da ake yanka titunan Abuja. Farar hula ke mulki, kuɗi na yawo, kamfanonin gini sun cika daji da manyan motoci. Babana fasa dutse yake yi. Kaka, wato uwarsa, wanki da guga take yi wa injiniyoyin wani sansani, Turawa da 'yan ƙasa. Ta ɗauko kaya a ka, ta mayar washegari. A bakin ƙofar kicin ɗinsu ta tsinci Turancinta.

Wutar hirarmu ba ta girki ba ce, gawayin dutsen guga ne. In an ci tuwo sai ta hura shi a kasko, ta shimfiɗa bargo a kan wani tsohon ƙyaure. Mu kewaye ta, ni da ƙanwata Hajara da 'ya'yan maƙwabtanmu Gbagyi, masu zuwa da doya mu tura cikin toka. Ƙamshin doya da na rigar da ta sha sitaci, su ne ƙamshin yarintata. Kaka ba ta fara magana sai ta yayyafa wa dutsen ruwa ta ji ya yi ƙara. Sannan ta ce, "To, wuta ta iso. Wanda ya taɓa rigar Bature da hannun doya, da shi zan ƙarasa gugar."

Akwai wata tatsuniya da ta ba mu sau ɗaya tak. Ba mu sake roƙon ta ba.

Wai Zaki ne ya gaji da daji, ya gina gida mai katanga, ya ɗauki ma'aikata. Jaki na ɗebo ruwa, Biri na gadi, Barewa na shara. Zakin nan da Turanci yake magana. In ya ga Jaki sai ya daka tsawa, "You must!" Kaka ta ce ma'anarsa dole. Jaki ya sha bulala, ya ɗebo ruwan, ya ci dusa ya kwanta. In Biri ya gama aiki sai Zaki ya kaɗa masa hannu, "You may go." Wato an sallame ka. Barewa kuwa ko kallonta ba ya yi, abin har yana damun ta.

Abin da ba wanda ya sani a gidan, Zaki ya tsufa. Ƙafarsa ta baya ta mutu, ko akuya ba zai iya kamawa ba. Shi ya sa ya bar daji.

Ranar da yunwa ta ci shi, sai ya leƙo ta taga. A nan Kaka ta ajiye dutsen guga, ta sassauta murya kamar mai lallashin jariri. "Barewa, can you help me? Could you come inside?" Za ki iya taimaka mini, ko za ki ɗan shigo? Barewa ta yar da tsintsiya don murna. Ya ba ta wurin zama. Ya ce yana jin tukunyarsa ta tsage, idonsa ba ya gani, ko za ta iya shiga ta duba masa daga ciki? Ya ce in ba ta so ba komai.

Ta shiga. Ya rufe murfi. Ya hura wuta.

Kaka ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba da kwalar riga. Muna jira. Ba ta ƙara komai ba.

Hajara ta ce, "Kaka, Gizo fa? Ba zai zo ba?"

"Gizo bai samu aiki a gidan ba."

Hajara ta fashe da kuka. Doyarmu ta ƙone ba wanda ya tuna da ita. Ba mu taɓa jin tatsuniyar da aka cinye na kirki aka tashi haka nan ba. Na ce, "To me ya hana ta gudu?"

"Wa ya riƙe ta, angona? Tambayarta aka yi, ƙofa a buɗe." Ta nuna ni da yatsa. "Kai da kake da kai kamar ƙwarya, zuba wannan a ciki. Mai ce maka must yana da ƙarfin sa ka. Mai ce maka can you ba shi da yadda zai yi sai da yardarka. Shi za ka fi tsoro."

Na girma na koyi mota. Bayan farar hula sun dawo mulki na samu tuƙi a Maitama, gidan wani babba a wata ma'aikata. Bahaushe ne, amma umarni da Turanci yake ba da shi. A bakinsa na ƙarasa karatun da Kaka ta fara mini. Must, yi yanzu. Should, ka riga ka yi laifi, faɗa ne ke tafe. In na nemi hutu ya ce might, na san babu. Na yi shekara da shekaru a haka, ban taɓa zama a falonsa ba. Ban damu ba. Ni Jaki ne, ina cin dusata.

Wata safiya ɗansa ya shigo da mota gabanta a lotse, gilashi ya tsage. A hanyar unguwar Gudu ya banke wata mata mai kai kaya kasuwa. Ta mutu nan take. Mutane sun ga motar, ba su ga direba ba.

Aka kira ni falo. Oga ya tashi tsaye, ya nuna mini kujera. Matarsa Hajiya da kanta ta kawo mini ruwa a kofin gilashi. Na kasa ɗauka.

"Malam Sale," in ji shi. Bai taɓa sa mini malam ba. "Could you do something for me? You can say no."

Sai ya koma Hausa. In ce ni ke tuƙi. Akwai lauya, 'yan watanni ne kawai a gidan yari. Iyalina suna wuyansa. Idonsa ya kawo ruwa, kuma na gaskiya ne, ɗansa ne.

Ba maganar ce ta fi gigita ni ba, sai yadda na ji bakina yana shirin cewa to. Mutumin da ya saba daka mini tsawa yana roƙo na, sai na ji kunya ta kama ni, kamar ni ne zan yi masa rashin mutunci. Da tsawa ya yi, da na san yadda zan tsaya. A kujerar nan na gane Barewa ba wawuya ba ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

Ya dube ni. Ya share ido. Ya ce, "You may go."

Kafin azahar kayana suna bakin get. Ina ɗaure katifa sai ga Ɗanladi, mai ban ruwan fulawa, yana fitowa daga falon. Yakan wanke motoci, ya iya ja da mota baya, iyakar tuƙinsa ke nan. Fuskarsa na sheƙi.

"Sale, Oga ya riƙe hannuna. Ni ɗin nan. Ya ce ko zan iya."

"Ka ce me?"

"Yaya zan ce wa babban mutum a'a, ya roƙe ni?"

Na riƙe rigarsa na ce ya koma ya janye. Ya ce ya riga ya ba da baki. Na je na faɗi abin da na sani inda ya kamata, aka ce mini mai laifi ya amsa da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Gaskiya ne kuwa. Ba wanda ya taɓa shi.

Watannin nan shekaru suka zama. Ɗanladi ya fito daga gidan yari da tari, bai daɗe ba ya rasu. Ni kuma babu gidan da ya sake ɗaukata a Maitama, masu gida suna magana da juna. Na dawo Mpape ina jan tifa. Mun sha wuya, matata ta sayar da abin da za ta iya sayarwa. Amma a ɗakina nake kwana.

Na daɗe ina ɗauka Kaka cewa ta yi kada in yarda da mai taushin baki. Ba haka ba ne, na ga masu roƙo don Allah, na kuma taimake su. Abin da take nufi ya fi haka wuya: talaka ya saba da dole har ya manta akwai ranar da amsar ke hannunsa, kuma ranar ba a sanar da shi.

Ɗana na makaranta yanzu. Kwanan baya ya dawo yana gaya mini malaminsu ya ce could you ita ce maganar ladabi. Na ce malaminku ya yi gaskiya. Ka ƙara da wannan: tambaya ce, amsarta biyu.