Malam Sharfaddeen Masanawa da Manhajar da ta Koyi Gaisuwa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Sharfaddeen a shekarar 1974 a Masanawa ta ƙasar Kabo, ɗa ne ga Malam Muhammad Nur manomi da mai ɗakinsa Furera. Bayan ya sauke Alƙur'ani, ya yi sakandare a Gwarzo, sannan ya tafi Kano a 1996 ya karanci ilimin kwamfuta, fannin da har mahaifinsa ya koma ga Allah bai gane me ake nomawa da shi ba.

Aiki da Iyali

Ya kama koyarwa a Gwarzo a 2000, ya auri Malama Zinnira a 2002. Yakan gaya wa ɗalibansa cewa kwamfuta babu manhaja, sa ne babu garma: ƙarfin yana nan, amma ba ya yin huɗa.

Manhajar Masara

A daminar 2017 tsutsa ta yi wa masarar yankin mummunar ɓarna. Abin ya tsaya masa a rai, ya duƙufa har ya ƙirƙiri manhajar waya wadda manomi zai nuna mata ganye, ta faɗa masa cutar da maganinta da baki. Ta fito a 2019, amma manoma suka yi biris da ita, tsutsa kuwa tana ta cin karenta ba babbaka. Da ya nemi dalili wajen Alhaji Mahbub, wani dattijo a Unguwar Tudu, sai ya ce masa, "Malam, abin nan naka ba shi da tarbiyya. Ko sallama babu, sai umarni? Ni ba yaronsa ba ne."

Malam bai yi musu ba. Ya naɗi muryarsa yana sallama, yana tambayar iyali da gajiya da gona, ya sa manhajar ta saurari amsa kafin ta taɓa zancen tsutsa. Daminar da ta biyo baya, masarar Unguwar Tudu ta tsira.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Yuni na 2024 bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a maƙabartar Masanawa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Musbahu, Ikilima, Adawiyya da Zainulabidin. Iyalinsa sun ƙi yarda a canza muryar. Har yau manoma sukan tsaya a bakin gona su amsa gaisuwarsa tiryan-tiryan, su yi masa addu'ar rahama, sannan su nuna masa ganyen.