Wa Zai Gaya Masa Inda Kaka Take?

Ina 'yar shekara tara Baba ya samu aikin tuƙa tifa a wurin ginin dam ɗin Bakolori. Ya kwaso mu daga ƙauyenmu na ƙasar Zariya, ni da mahaifiyarsa Kaka Saratu, ya ajiye mu a gidan haya a gefen Talata Mafara. Uwata ta riga ta rasu. Mu kaɗai ne Kirista a unguwar. Ran Lahadi mu uku muke sujada a ɗaki, Baba ya yi karatu, Kaka ta ja waƙa da muryar nan tata mai korar kaji. Yara ba sa zagina, amma ba sa kirana wasa. Ga addini daban, ga ubana yana aikin da ya cinye wa danginsu gonaki. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a garin nan.

In an sauke tuwon dare, Kaka ba ta bari a kashe wutar murhu, wai ƙafafunta na so. A nan take mini tatsuniya. Shekarar nan tari ya kama ta, tana ta ramewa, ni kuwa tsoro ya cika ni. A gida bayan majami'a ake binne mutanenmu, inda a tunanina Ubangiji ya san zai same su. Nan kuwa ba majami'a.

Ran nan na kasa haƙuri. "Kaka, in kin mutu a garin nan, wa zai gaya wa Yesu inda kike?"

Ta yi dariya har tarin ya taso. "Ja'ira, har kin binne ni?"

Daidai lokacin Inna Dije ta yi sallama, ta zo ɗiban wuta da guntun kasko. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, ruwan dam ya taso su daga ƙauyensu can wajen Maradun. Kullum ɗibar garwashinta take ta wuce, ba ta zama gidanmu.

Kaka ta ce mini, "Matso, ga wata tatsuniya ta iso."

Wai wani manomi ya mutu aka binne shi. Ƙasa ta ce, nawa ne, ni na riƙe shi. Ruwa ya zo ya rufe ta, ya ce yanzu nawa ne. Aljanin ruwa ya ce duk abin da ke ƙasan ruwa nasa ne. Sarki ya ce shi ya tare ruwan da katanga, saboda haka dukkansu nasa ne. Suna cikin gardama sai aka kira sunan manomin daga sama, sau ɗaya tak. Sarki ya sauka daga doki, aljani ya kife, ruwa ya dāre, ƙasa ta buɗe hannu. Manomi ya karkaɗe rigarsa ya amsa.

Ashe Inna Dije ba ta tafi ba, har garwashinta ya mutu a kasko. Ta ce, "Wanga manomi naki, Musulmi na ko naku na?"

Kaka ta ce, "Dije, ni ta wurin Yesu Almasihu na san mai kiran, a kan haka zan mutu. Amma ba mu muka naɗa shi ba, ba kuma mu kaɗai yake mulka ba."

Inna Dije ta ce, "Maigidana shina can ƙalƙashin ruwan ga. Ko wurin kabarin ban iya nunawa." Sai ta zauna a ƙasa kusa da ni, karo na farko.

Kaka ba ta ga damina ba. 'Ya'yan Inna Dije ne suka haƙa mata kabari a bayan gari, suka koma gefe, Baba ya yi addu'a shi kaɗai. Da aiki ya ƙare muka tafi muka bar ta.

Sai da na yi furfura na koma. Wurin ya zama gonakin shinkafa da hanyoyin ruwa, ba wanda ya taɓa jin labarin kabari. Na yini ina bin kunyoyin gonakin ina dube-dube. Na yarda da abin da Kaka ta koya mini, cewa ba ikon da zai ɓoye mutum ga Mai shi, amma ba zan yi ƙarya ba, yardar ba ta hana ni kuka ba. Wurin durƙusawa kawai nake so, ban samu ba.

Da rana ta yi sanyi na tsaya a bakin ruwa na kira sunanta da ƙarfi. Ba ta amsa ba. Ba muryata take jira ba.