Injiniyar Gidan Ƙyanƙyasa

Tun tana 'yar firamare ake kiranta Injiniya a gida, don babu rediyon da ya shiga hannunta ya fita da murfinsa. Ta girma ta buɗe rumfar gyaran waya, ta yi aure, ta haifi biyu, sukundireba dai tana nan a jakarta.

Yayanta yana da gidan ƙyanƙyasar kaji a bayan gari. Ƙwai ba ya son wasa da zafi, da ya ɗan haura sai ɓarna. Ita ta haɗa masa 'yar na'ura mai auna zafi da danshi, tana tura awon ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta mai nisa, shi kuma ya duba a wayarsa.

Sai dai sabis ɗin wajen baƙo ne mai kunya, ya leƙo ya koma. Duk awon da aka tura lokacin da sabis ba ya nan, ya bi iska. Wani zubi kusan rabin ƙwan suka yi baragurbi. Likitan dabbobi ya nemi awon don ya gano dalili, ya tarar da shi a yayyanke.

"Ke Injiniya," in ji yayan, "abin nan naki bakin tsohuwa ne, giɓi ya fi haƙora yawa."

Ta ji zafin maganar, amma ta yi dariya. "Ba ni shi, Yaya. Zan dasa mata haƙora."

Ta sa wa na'urar katin ajiya da batir. Kowane awo sai ya fara sauka a katin, da lambarsa da lokacinsa, kuma ba a goge shi sai babbar kwamfutar ta amsa cewa ya iso. In an ji shiru, na'urar ta dakata ta sake turawa. In awo ya je sau biyu, lambarsa ta tona shi, a yar da ɗaya.

Sannan ta shiga gana wa na'urar azaba don gwaji. Ta zare soket, ta cire layi, har cikin tukunya ta jefa ta ta rufe don sabis ya yanke. Mijinta ya buɗe tukunyar, ya dube ta.

"Yau kuma waya za mu ci?"

"Rufe mini, Maigida, ba ta nuna ba."

Da damina iska ta kayar da turken sabis na wajen. Kwanaki shiru. Yayan ya zo rumfa hankali a tashe, ita ko kai ba ta ɗaga daga wayar da take gyara ba.

"Je ka kula da ƙwanka da ido. Awo yana nan, ko ɗaya ba zai ɓata ba."

Ranar da aka tayar da turken, awon ya yi ta shigowa bi da bi, babu tsallake. A ciki likita ya ga zafi na tashi kullum da la'asar, lokacin da rana ke dukan bangon yamma. Aka yi wa bangon rumfa, zubi na gaba ɗakin ya cika da kukan 'yan tsaki.

Yanzu masu kiwon kifi ma sun gano rumfarta, suna neman irin na'urar. Takan zaunar da su ta tambayi zurfin tafkin, da inda ruwa ke shiga, kafin ta taɓa ko waya ɗaya.