Ranar da Na Ɗora Baffa Kan Suri

Ko zan tsufa har haƙorana su zube in koma shan kunu da tsinke, akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ita ce ranar da na sa dattijo mai furfura ya hau kan suri a bayan kasuwar Gandi, waya a hannunsa, ni kuma ina ƙasa ina ba shi umarni kamar ni na haife shi. Lokacin ina aji huɗu na sakandare, kuma duk unguwarmu a Wurno an shaida cewa bakina ya girme ni.

Yayana ne tushen abin. Ya dawo daga karatu a Sakkwato da wata tsohuwar kwamfuta wadda in aka kunna ta sai ka rantse injin ban-ruwa aka tayar a tsakar gida. Da ita ya koya mini gina shafin intanet, muka haɗu muka yi shafin cigiya. A wajenmu, da an gama girbi an saki dabbobi cikin kara, to ɓata ya fara ke nan. Akuyar wannan ta bi garken wancan, maraƙin Goronyo ya wayi gari a ƙasar Rabah. Mai dabba sai ya bar sauran garkensa ya yi ta bin kasuwanni da ƙafa yana tambaya. Shafinmu ya rage wannan wahala. Wanda ya ɓatar ya rubuta, wanda ya tsinta ya rubuta, kowa ya duba a wayarsa. Wayoyin kuwa galibi ƙanana ne masu madannai da tocila, irin ta Innarmu.

Ba daga ƙasa muka soma ginin ba. Akwai abin da masu aikin ke kira firemwok, kamar a ce an riga an buga maka tubali, an yanko azara, an haɗa ƙofa da taga, kai dai jerawa ce taka. Mutane ne daga ƙasashe barkatai, waɗanda ba su taɓa haɗa ido ba, suke yin sa kyauta, cikinsa kuma a buɗe, duk mai so ya leƙa ya gyara. Yaya ya ce gayya ce ta duniya. Na ce gayyar da ba fura ai azaba ce. Ya ranƙwashe ni.

Ana nan sai masu gayyar suka saki sigar gwaji, wato ɗanɗano, kamar yadda mai kilishi yake gutsuro maka kafin ka saya. Suka haɗo da dogon bayani kan abin da suka canza da abin da suke shirin yi nan gaba. Shafi zai riƙa buɗewa da sauri, hotuna za su rage nauyin kansu, mai gini zai ga gyaransa nan take. Ina karantawa ina rawa a zaune. Da na gangaro ƙasa, wajen shirye-shiryen gaba, sai rawar ta tsaya.

A tsohon tsari, can a babbar kwamfutar da ke riƙe da shafi ake dafa shi a kawo wa waya ta ci kawai. A sabon kuwa, ɗanyen kaya za a aiko mata ta dafa da kanta. Babbar waya tana da murhu, amma mai tocila ko ashana ba ta da ita. Suka ce da zarar cikakkiyar siga ta fito za su cire tsohuwar hanyar, domin a ganinsu ba mai bin ta. Duk wanda yake amfani da ita, ya yi magana a zauren tattaunawarsu kafin a rufe batun.

Muka ɗora kwafin shafinmu kan sigar gwajin, muka aro wayar Inna muka buɗe. Fari fat, kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife. Na ce to mu zauna kan tsohuwar mana. Yaya ya ce za mu iya na ɗan lokaci, amma za su daina yi mata gyara, kuma kowa ya san makomar gidan ƙasa da aka daina yi wa yaɓe.

Na ce, "To mu gaya musu."

Ya dube ni kamar na ce mu je mu zagi liman. "Mi za ka gaya musu? Mutane sun yi wahala sun ba ka abu kyauta, ba su san ka ba, ba su san ubanka ba, sannan ka buɗe wanga baki naka ka ce bai yi ba? Ina tarbiyya?"

"Yaya, su fa sunka ce a yi magana."

"Kara ta, kara sunka yi muna. Kai in mai gida ya ce ka ƙara tuwo, sai ka ɗauke tukunyar?"

Gaskiya ni zan ɗauke, amma ban faɗa ba. Ƙarshe ya yarda zai rubuta musu. Ina tsaye a kansa ya rubuta. Ya gaishe su, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, saura kaɗan ya tambayi lafiyar kajinsu. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce mutanen karkara a Najeriya suna amfana ƙwarai. Batun farin allo kuwa, ya ce masu hankali ne, za su gane da kansu. Washegari aka maido mana da amsa: hoton babban yatsa a ɗage. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ka gani? Mutunci madara."

Yanzu da nake tunawa, ba na yi masa dariya kamar da. Haka aka rene mu. Ba a raina kyauta, ba a kushe hannun da ya miƙo. Ɗabi'a ce mai kyau, kuma ita ke riƙe da zumunci a garinmu. Ba mu dai san akwai wurin da take zama cuta ba.

Ranar kasuwar Gandi na maƙale wa Babanmu na bi shi, don ina son ganin Baffa. Baffa abokin Baba ne tun ƙuruciya, makiyayi, rugarsa ba nisa da garin. Kakar da ta wuce jar karsanarsa ta ɓace, ta shafinmu aka gano ta a Dinawa, tun daga nan ba ya kiran Yaya sai Injiniya. Na same shi a kara, kasuwar dabbobi, wajen masu awaki, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari na gaya masa. Na ɗauka zai tashi da sanda. Ashe kunyar Yaya wasan yara ce.

Ya ce, "Ɗana, baƙo ba shi cewa miya ta yi gishiri."

Na ce, "Baffa, ba sai ka ce komi ba. Nuna min dai yadda kaka duba cigiya, in ɗauka da waya in aika musu su gani."

Ya ce ya yarda, amma kada fuskarsa ta fito, don yana da surukai.

A wannan yanki sabis ba ya sauka ƙasa, sai an hau masa. Akwai wani babban suri a bayan kasuwa da makiyaya ke hawa in za su duba waya, har ƙafafu sun goge samansa ya yi sulɓi. Baffa ya tattare riga, ya ba ni sandarsa, ya hau. Na ce, "Ɗaga hannu, Baffa. Ƙara. Juya gabas." Ya buɗe shafinmu na kullum, ya haɗa baƙi a hankali ya karanto cewa an tsinci ɗan maraƙi mai farin goshi a Boyekai. Na miƙa hannu na sa masa shafin gwajin. Ya jira. Ya girgiza wayar. Ya hura mata iska, ya kifa ta, ya sake dubawa.

"Kai yaro, wa yaz zuba nono cikin wagga waya?"

Dariya ta kusa kayar da ni, hoton ma ya yi ta rawa. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya tsaya a kan surin yana kallon hanyar da ta miƙe zuwa Rabah, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "To mun koma bin kasuwanni da ƙafa ke nan." Na dubi ƙafafun nan nasa masu faso, na haɗiye sauran dariyata.

Da muka dawo gida na nuna wa Yaya, na ce zan aika. Ya ce, "Ba da sunana ba." Na aika da nawa, cikin Turancin da in malaminmu ya gani sai an yayyafa masa ruwa. Gaisuwa ɗaya tak na yi. Na ce ga wayar da mutanenmu ke riƙewa, ga inda suke samun sabis, ga abin da sabuwar siga ta yi musu.

Wanda ya fara amsawa cewa ya yi mu sayi wayoyin zamani mana. Yaya ya ce, "Ka ga abin da nika gudu? Ka kai mu kasuwar duniya ka zubar." Ran nan baƙin ciki ya hana ni cin abinci, malmala biyu kawai na iya tashi da su.

Sai ga amsar wata mata, ɗaya daga cikin masu jan ragamar aikin. Ta ce suna gane masu amfani da kayansu ne ta wayoyin da ke aiko musu da rahoto, ƙananan wayoyi kuwa ba sa iya aikowa, don haka ba su taɓa sanin muna nan ba. Ta ƙara da abin da ya sa Yaya zama a kan turmi. Ta ce ta ga saƙon godiya daga yankinmu kwanan baya, ta ji daɗi, har ta nuna wa sauran a matsayin shaidar cewa sabuwar siga ta yi wa mutanen karkara daidai.

Yaya ya daɗe yana shafa kai. Can ya ce, "Ashe da hannuna nis sa musu hannu su rushe mu."

Suka canza shiri. Tsohuwar hanyar za ta zauna ga mai so, amma da sharaɗi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke da irin wayarmu, don haka dole a samu wanda zai riƙa gwada kowace sigar gwaji ya faɗi abin da ya lalace. Suka tambaya ko wa zai ɗauka. Yaya ya nuna ni da leɓe ya ce, "Mai baki shi ka ɗaukar kaya."

Har yau ni ke ɗauke da kayan. Duk sigar gwajin da ta fito, sai na je na durƙusa na roƙi Inna aron waya, ita kuma ta ja aji, ta ce a yi hankali, wayarta ma'aikaciyar ƙasashen waje ce. Yaya kuwa yanzu shi ke fara rubuta abin da ya karye, sannan ya sa gaisuwar a ƙarshe.

Abin da na koya shi ne, gaskiyar Baffa ce, baƙo ba ya cewa miya ta yi gishiri. Kuskurenmu ɗaya ne, mun ɗauki kanmu baƙi. A gayya kuwa ba baƙo. Duk wanda ya shigo gona, ko da ba shi da fartanya sai ido, in ya ga an tsallake ciyawa hakkinsa ne ya yi kira, kuma wannan kiran shi ne godiyarsa.